Muƙamuƙin Ladan

Ƙofar Guga, Katsina,
10 ga Yuli, 1979.

Zuwa ga Baffa Ummaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da mutanen gida, da aikin reluwe, da ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa. Ni ce Rahinatu, ɗiyar ƙanenka Malam Salihu. Ka yi haƙuri da rubutuna. Bara na gama firamare, kuma ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba.

Ranar Alhamis Malam yana dawowa daga Babbar Kasuwa a kan kekensa, sai ya yi kiciɓis da motar 'yan siyasa mai lasifika, samari suna bin ta a guje. Ya kauce musu, tayar keken ta faɗa kwalbati, ya kifa, haɓarsa ta bugi bakin siminti. An kai shi asibiti, an ɗauki hoton ƙashi, aka ce muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye wuri biyu. Haƙora biyu na gaba sun fita. Likita ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da siririyar waya. Ya ce bakin zai zauna a rufe mako shida, kada kowa ya taɓa, in ba haka ba ƙashin ba zai kama daidai ba.

Ta giɓin haƙoran nan nake ba shi koko da romo. Sai na tace sosai, sannan in ɗura masa da ƙaramin cokali. Ba ya son in dube shi in yana sha, don haka tabarma nake kallo. Yana magana ta cikin haƙora kamar mai fushi, ko da kuwa albarka yake sa mani.

Kiran salla ya fi ciwon damunsa. Ka san tun ba a haife ni ba shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Yanzu Haruna tela ke kira. In ya fara, sai Malam ya tashi zaune ya kasa kunne, in ya ja inda ba a ja sai ya girgiza kai ya koma ya kwanta.

Malam bai so a sanar da kai ba. Inna ce ta ce ba a ɓoye wa babban wa irin wannan, amma kuma ba a tada hankalin wanda ke nesa. Ta ce in gaya maka jiki da sauƙi.

Wassalam. Ɗiyarka,
Rahinatu.

*

Fatakwal,
27 ga Yuli, 1979.

Ɗiyata Rahinatu,

Wa'alaikumus salam. Mu nan duk lafiya lau, sai ruwa da sauro. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, jiya ta iso. Rubutunki ba shi da laifi, ya fi na magatakardanmu karantuwa.

Na yi salati da na ji abin da ya sami Salihu, Allah ya sa kaffara ce. Da na kai inda kika ce da sauƙi sai zuciyata ta kwanta. Ki gaya masa tun muna yara uwarmu take fama ya rufe baki bai rufe ba, sai ga shi likita ya yi a rana ɗaya.

Na so in taho, amma an hana kowa hutu sai an gama zaɓe. Yanzu ki zauna gabansa ki karanta masa wannan da ƙarfi. Salihu, ni yayanka na ce kada ka taɓa wayar nan sai likita ya cire da hannunsa. Na san halinka, ga azumi ya kama, za ka ce unguwa ba ta shan ruwa sai da muryarka. Za ta sha. Mara lafiya ko azumin ma Allah ya ɗauke masa, balle kira.

Ki gai da Innarki, ki ce ina yi mata sannu da jinya. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Ummaru.

*

Ƙofar Guga, Katsina,
2 ga Agusta, 1979.

Zuwa ga Baffa Ummaru,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya ibada, ya mutanen gida? Ba mu ga amsarka ba tukuna, ban sani ba ko wasiƙata ta iso. Inna tana zaune kusa da ni, ita ke faɗa ina rubutawa.

Ta ce in gaya maka an cire wayar, Malam ya koma kiran salla. Mutanen unguwa sun ji daɗi ƙwarai, har ana ta aiko mana da kunu da ƙosai. Liman da kansa ya shigo zaure ya yi addu'a. Damina ta yi kyau, geron Batagarawa ya fara fitar da kai. Inna ta je ta jefa ƙuri'a, karo na farko a rayuwarta, ta dawo tana ta kallon tawadar da aka shafa mata a yatsa.

Malam bai fara cin tuwo ba, har yanzu koko ne da romo. In ya dawo daga masallaci yakan naɗe haɓarsa da rawani ya kwanta. Inna ta ce wannan ba sai na rubuta ba, amma na riga na rubuta, kuma takardar ke nan guda.

Ta ce jiki da sauƙi, alhamdu lillahi.

Wassalam. Ɗiyarka,
Rahinatu.

*

Fatakwal,
20 ga Agusta, 1979.

Ɗiyata Rahinatu,

Wa'alaikumus salam, barkanmu da shan ruwa. Madalla da wannan labari. Ashe likitocin Katsina sun fi namu na nan hanzari, ko kuwa ƙashin Salihu ne irin na ɗan akuya? Na karanta wa abokan aikina wasiƙarki, na ce ƙanena ya karye a baki, wata guda bai cika ba ya hau yana kiran salla. Wani ya ce ai bakin da ya saba ambaton Allah ba ya daɗewa a rufe.

An buɗe hutu, sunana ne na farko. Amma tunda jiki ya yi kyau, na bar wa wani abokin aikina da mahaifiyarsa ta rasu a Gusau. Ni sai Babbar Salla in Allah ya kai mu. Rashin cin tuwo kada ya dame ku, baki ne da ya kwana biyu bai yi aiki ba.

Na ba Yahaya mai fataucin shanu ƙullin goro ya kawo muku, manya ne farare. Ki ce Salihu ya gwada sabon muƙamuƙin da su. Ke kuma akwai ɗankwali a ciki na salla.

Baffanki,
Ummaru.

*

Ƙofar Guga, Katsina,
6 ga Satumba, 1979.

Zuwa ga Baffa Ummaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, an yi salla lafiya? Goro ya iso, an gode, an raba wa maƙwabta. Na gode da ɗankwali.

Baffa, wannan ba Inna ta sa ni ba, ba ta ma san ina rubutawa ba. Malama Suwaiba da ta koyar da ni za ta kai mani gidan waya. Ka gafarce ni in na yi rashin kunya.

Ba likita ne ya cire wayar ba. A farkon azumi an yi wata rana da hadari ya rufe gari tun la'asar. Haruna ya duba sama ya ga duhu, ya hau ya kira magariba. Unguwa duk aka sha ruwa, ana cikin cin ƙosai sai hadari ya yaye, ga rana jawur a kan ganuwa ba ta faɗi ba. Liman ya ce kowa sai ya rama. Washegari dattawa suka zo gaishe da Malam a zaure, ni na kai musu tabarma. Ba wanda ya ce masa ya yi wani abu. Labarin kawai suka yi ta maimaitawa suna dariya, ɗaya ya ce shekara da shekaru ba a taɓa irin wannan ba sai bana. Da za su tashi Liman ya ce, "Allah shi ba ka lahiya, Malam Salihu. Mun dai ga rashinka."

Da suka tafi Malam ya daɗe zaune. Can ya sa takalmi ya fita, ya nufi rumfar Mati mai gyaran keke. Mati da bakinsa ya ba Inna labari daga baya. Ya ce ya ƙi, ya ce masa shi taya ya sani, bai san bakin mutum ba. Malam ya ce in bai yanke ba zai koma gida ya ɓanɓare da ƙusa. Shi ne ya wanke filaya da ruwan zafi ya yanyanke.

Ran nan Malam ya kira magariba. Muna tsakar gida muka ji, Inna ta ajiye ludayi ta rufe fuska da mayafi. Ta katanga matan maƙwabta suna ta yi mata barka. Muryar tana nan yadda ka san ta. Da ya shigo na ga jini a bakin rawaninsa, ya ce dasashi ne. Wasiƙarka da ka ce kada ya taɓa wayar ta iso bayan an riga an yanke. Na karanta masa da ƙarfi yadda ka ce, ya juya fuskarsa bango.

Haka ya yi ta kira har azumi ya ƙare, yana azuminsa kuma. Tun goman ƙarshe haɓar ta fara kumbura. Bayan salla ya kasa hawa matakalar masallaci, Haruna ya koma. Yanzu kumburin ya fashe ta ƙarƙashin haɓa, mugunya na fita, ɗakin yana wari ko an sa turare. Haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, leɓensa na ƙasa ba ya jin zafin koko, sai ya ƙone bai sani ba. Da yamma zazzaɓi ke rufe shi. Rigunansa duk sun yi masa yawa.

Inna ta roƙe shi ya koma asibiti. Ya ce, "Da wane ido zan dubi likitan nan? Ya yi mani aiki tsakani da Allah, na kai wa mai faci ya warware." Malama Suwaiba ta ce akwai masu aikin muƙamuƙi a Kaduna, amma in aka daɗe ƙashin ruɓewa yake yi. Duk wanda ya zo dubiya ya tambayi jiki, Malam ya ce da sauƙi, Inna ta ce da sauƙi, mai dubiya ya ce Allah ya ƙara sauƙi ya tafi.

Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah, Baffa, ka zo.

Ɗiyarka,
Rahinatu.

*

Ƙofar Guga, Katsina,
2 ga Oktoba, 1979.

Zuwa ga Baffa Ummaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Kullum ina leƙa wurin Malama Suwaiba ko amsa ta zo, har na fara jin nauyin tambayarta. In abin da na rubuta ne ya ɓata maka rai, ka yafe mani. Na san ba yarinya ce ya kamata ta kai ƙarar mahaifinta ba.

Jiya sojoji suka miƙa mulki. Gari ya cika da kiɗa, kowane zaure da rediyo, ana ta cewa yanzu komai zai gyaru. Mu a gidanmu wanke tsummokara muka wuni yi, ga Inna ciki ya fara yi mata nauyi.

Inna ta sa an kira wani mai ɗori daga Batagarawa, tsoho ne, an ce ko ƙafar doki yana ɗorawa. Ya lalubi haɓar da yatsunsa, Malam yana riƙe da gefen gado. Da ya gama ya wanke hannu ya ce wa Inna ƙashin da ke ruwa ba ya ɗoruwa, wannan ya wuce shi. Ya bar mana man shanu da wani garin magani don kada ya tafi haka nan. Shekaranjiya ina goge wurin sai wani ɗan abu mai tauri ya biyo tsumma, fari, kamar ɓallin ƙwarya. Na nuna wa Inna, ta karɓa ta binne a bayan ɗaki, ta ce kada in gaya wa Malam.

Wani da ya ci zaɓe ya sa wa masallacinmu lasifika, ya haɗa da agogon bango. Yanzu Haruna ba ya hawa matakala, ba ya duban rana, yana tsaye a ciki yake kira, ana ji har bakin ganuwa. Da aka gaya wa Malam ya ce madalla, an huta. Ran nan kokon ma bai sha ba.

Bakin yanzu da ƙyar cokali ke shiga. Ban san ko zai kai Babbar Salla a haka ba.

Ɗiyarka,
Rahinatu.

*

Fatakwal,
11 ga Oktoba, 1979.

Rahinatu,

Wa'alaikumus salam. An tura ni riƙon aiki Makurɗi, yau na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ofis, ɗaya kan ɗaya. Ban yi fushi da ke ba. Ke kaɗai kika yi abin da ya kamata a gidan nan. Da kaina nake fushi. Kin rubuta mani koko, kin rubuta mani rawani, na kuma san mako shida bai cika ba, amma na ga abin da nake so in gani na tsallake sauran.

Gobe zan hau jirgi, da hutu ko babu. Mai yiwuwa in riga takardar nan isowa. In ta riga ni, ki ce wa Innarki ta haɗa masa kaya, Kaduna za mu. Ki ce wa Salihu kunyar likita ni zan ɗauka, shi dai ya tashi. Ba shawara nake ba shi ba.

Baffanki,
Ummaru.

*

Ƙofar Guga, Katsina,
7 ga Disamba, 1979.

Zuwa ga Baffa Ummaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya gajiyar hanya, ya aiki? Allah ya saka da alheri kan wahalar da ka sha a Kaduna. Mun ji an rage maka matsayi saboda tahowar da ka yi ba izini, Inna ta yi kuka da ta ji.

Ka ce in riƙa rubuto maka gaskiya, to ga ta. Inda aka yanke ruɓaɓɓen ƙashin ya warke, warin ya tafi, zazzaɓin ma haka. Yana cin tuwo in an dama shi da miya ya yi ruwa. Amma haɓar ta ƙara karkacewa hagu fiye da yadda ka bar ta. Miyau na zuba bai sani ba, kullum da tsumma a hannunsa. In ya yi magana ni da Inna muna ganewa, baƙo kuwa sai ya dube mu. Ba ya zuwa masallaci sai ya tabbata an tayar, ya tsaya a sahun baya da rawani a rufe da baki, ana sallamewa ya fito. Na karanta masa wasiƙar da ka aiko bayan ka koma, inda ka ce baɗi za ka nemi a sa masa wani ƙashi a wurin. 

Inna ta sauka ranar Laraba da hantsi, namiji, suna lafiya. Da ungozoma ta gama wanke shi ta naɗe shi ta ba ni, ta ce in kai wa ubansa ya yi masa kira a kunne. Ka san a unguwar nan ko wane gida aka haihu Malam ake kira ya yi wannan. Na same shi a ɗakinsa, ya riga ya yi alwala ya sa farar riga. Ya karɓi jaririn, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in juya baya. Na juya.

Na ji ya fara. Kabbara ta fita da dama-dama. Da ya zo kalmar shahada harafin ya ƙi, ya sake, ya ƙi, ya sake. Sai iska da wani sauti da ban san yadda zan rubuta shi ba. Jaririn bai yi kuka ba. Da shirun ya yi yawa na waiga, na ga yana goge wa yaron kunci da bakin rigarsa, inda miyau ya ɗiga.

Ya miƙo mani shi ya ce, "Kira Haruna. Ba zan sa masa karkataccen kira ya zama abin da ya fara ji ba."

Haruna ya baro kekensa na ɗinki ya zo, zare a wuyansa. Ya yi ta cewa shi bai isa ba, Malam na gida. Na ce Malam ne ya aiko. A zaure ya yi, ni na riƙe yaron. Malam bai fito ba.

Da yamma na kai masa koko. Ya ce in rubuto maka kada ka ƙara neman wani likita, kada ka sake taɓa aikinka saboda shi. Ya ce ya aika wa Liman a tabbatar wa Haruna ladanci, a daina cewa riƙo yake yi. Na ce ko a jira baɗi. Ya ce, "Rubuta yadda na faɗa."

Na rubuta. Suna ranar Laraba ne. Inna ta ce ba sai ka zo ba, hanya da nisa. Ni kuwa wannan karon ban san abin da zan roƙe ka ka yi ba.

Wassalam. Ɗiyarka,
Rahinatu.